Darasin Ruwa da Inuwa: Daga Tamanrasset Zuwa Tafilelt

A bana ajinmu ya ɗauki tambaya guda: yaya gari zai girma a cikin hamada ba tare da ya cinye abin da yake rayuwa da shi ba? Mu da muke Hirafok, duk wanda ya sauka Tamanrasset ya san yadda unguwanni suke ƙaruwa, bulo bisa bulo.

Mu fara da ruwa, don shi ne uwa uba. Rijiyoyin Tamanrasset sun daɗe da kasa ɗaukar jama'arta. A shekarar 2011 aka fara turo ruwa daga In Salah ta bututu mai tsawon kilomita kusan 750. Kuma hawa ruwan yake yi, ba gangara ba, domin In Salah tana ƙasa, Tamanrasset kuwa tana kan tudu wajen mita 1,400. Dole sai da tashoshin injina a hanya, suna cin makamashi dare da rana. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, ruwan nan tsohon ajiya ne na ƙarƙashin ƙasa, ya taru tun zamanin da Sahara take samun damina. Abin da aka ɗiba yau, ba ruwan saman bana ne zai mayar da shi ba. To, famfon da aka bari yana ɗiga a tsakar gida fa, ka ga irin tafiyar da ruwan ya yi kafin ya zube a banza?

Sai malam ya kai mu arewa, a kan taswira dai, zuwa Gardaya. A gefen Bani Isgen akwai sabon gari, Ksar Tafilelt, wanda mutanen wurin suka fara ginawa a 1997 ƙarƙashin gidauniyar Amidoul. Gidaje sun haura 1,000. Wayonsu na farko, sun yi ginin a kan dutse, suka bar gonakin dabino a kwari ba a taɓa su ba. Sun yi aiki da dutse da farar ƙasa na wurin, bango mai kauri, taga ƙarama, lunguna matsattsu yadda gida zai yi wa gida inuwa. Ana son kowane gida ya dasa itatuwa ya kuma kula da su, ruwan da aka yi amfani da shi kuma a tace shi a ba shuka. Aikin haɗin gwiwarsu suna ce masa tuwiza, mu kuwa da muka ji bayani sai muka ce ai gayya ce! A 2016, lokacin taron sauyin yanayi na Marrakesh, garin ya samu lambar yabo.

Ba mu ce a kwaso Tafilelt a dire a nan ba. Mu sanyin hunturu ma yana damun mu a duwatsun Ahaggar, sai dai bango mai kauri yana maganin duka biyun, abin da bulon siminti da rufin kwano ba sa yi. Wasu cikinmu sun yi gardama cewa ginin ƙasa na talaka ne, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana cin sa. Gaskiya ne yana son yaɓe a kai a kai, wannan muhawarar ba mu gama ta ba.

Abin da muka iya dai mun fara: mun ja 'yar hanya daga wurin alwala zuwa gindin shuke-shuken da muka dasa a bakin makaranta. Awaki sun riga sun cinye biyu, saboda haka muna roƙon duk mai tsohuwar waya ko kara ya taimaka mana da shinge kafin hutu.