Kati A Matsayin Mabuɗi: Nazari A Kan Tsara Ƙofa Mai Aiki Da Lantarki

1.0 Gabatarwa

A zamanin da, akan rufe ƙofofin ganuwar Kano da almuru, kuma babu mai shiga ko fita sai da sanin Sarkin Ƙofa. Ƙarfin ƙyaure kaɗai bai isa tsaro ba, sai an haɗa da wanda ya san mutumin da ya cancanci wucewa. A yau an ɗora wa na'ura wannan aiki a bankuna da ofisoshi da ɗakunan karatu, inda kati ya maye gurbin mabuɗi. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake tsara irin wannan ƙofa, tare da nuna cewa amincinta ya fi rataya a kan tsarin da aka yi mata bisa ga katin kansa.

2.0 Sassan Na'urar

Sassa huɗu ne ginshiƙan aikin, watau kati, da na'urar karanta shi (wadda za a kira makaranci), da akwatin sarrafawa, da kuba ta lantarki. Katin ba shi da batir. A cikinsa akwai siririyar waya a nannaɗe, wadda ke samun ƙarfi daga makaranci idan an kusanto da shi, sa'an nan katin ya faɗi lambarsa. Makaranci ba ya yanke hukunci, miƙa lambar kawai yake yi. Akwatin sarrafawa shi ne Sarkin Ƙofa, domin shi ke duba rajista ya umarci kuba ta buɗe ko ta ƙi. Saboda haka wajibi ne a kafa akwatin daga ciki, inda hannun baƙo ba zai kai ba.

3.0 Lambar Kati

Daɗaɗɗiyar hanyar aika lamba daga makaranci zuwa akwati ita ce ta Wiegand, wadda ta samo suna daga injiniya John Wiegand. Sanannen tsarinta yana da alamomi 26, kowace ko dai sifiri ko ɗaya. Takwas daga ciki lambar gida ce, 16 lambar mai kati, biyu kuwa na gano kuskure ne. Ke nan lambobin gida 256 kacal ake da su, na masu kati kuma 65,536. Wannan ya nuna cewa gine-gine biyu suna iya yin tarayya a lamba ɗaya ba da saninsu ba.

Bugu da ƙari, hanyar ba ta ɓoye saƙo, kuma tsofaffin katuna masu aiki da kilohaz 125 suna da sauƙin kwafa. Na megahaz 13.56 sun fi su tsaro, amma ko a cikinsu, a 2008 masana a Jami'ar Radboud ta ƙasar Holan sun nuna raunin katin MIFARE Classic. Shi ya sa a yanzu ake fifita hanyar OSDP mai ɓoye saƙo, wadda ta zama ƙa'idar duniya a 2020.

4.0 Matakan Tsarawa

Alal misali, a ɗauki ɗakin da wani sashe ke adana tsofaffin rubuce-rubucen ajami, waɗanda ba su da madadi in sun salwanta. Ga matakan da za a bi:

(a) A canja kalmar sirri da akwatin ya zo da ita daga kamfani, a kuma daidaita agogonsa.

(b) A raba jama'a rukuni-rukuni: malamai, ɗalibai, masu shara.

(c) A yanka wa kowane rukuni lokaci. Ɗalibai, misali, daga 8 na safe zuwa 4 na yamma, ban da ranakun hutu.

(d) A rubuta kowane kati da sunan mutum guda, kada a yarda da aro.

(e) A ƙayyade daƙiƙun da kuba za ta yi a buɗe, kamar biyar, a kuma sa ƙararrawa in an bar ƙofa a wangale.

(f) A soke katin da ya ɓata, da na wanda ya bar aiki ko ya sauke karatu, a ranar da abin ya faru.

Matakin ƙarshe shi aka fi sakaci da shi, alhali kuwa nan ne kati ya ɗara mabuɗi. In mabuɗi ya ɓata sai a sake kuba, amma kati share lambarsa kawai za a yi.

5.0 Ɗaukewar Wuta

Kuba iri biyu ce. Ta maganaɗisu tana riƙe ƙofa ne muddin akwai wuta, da an ɗauke sai ta saki. Ɗayar kuwa a kulle take zama in babu wuta. Ta farko tana fifita rai, ta biyu tana fifita dukiya. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, dole ne a tanadi batir, a riƙa gwada shi a kai a kai. Kowace aka zaɓa, tilas na ciki ya iya fita ba tare da kati ba, domin in gobara ta tashi babu mai tsayawa laluben aljihu.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa na'ura abin da aka rubuta mata take bi, ba ta san fuskar kowa ba. Duk wanda ya riƙo katin da ba a soke ba, a wurinta ɗan gida ne. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A irin wannan ƙofa, tsagar ita ce rajistar da aka bari ba a sabunta ba.