Gasar kuroke ta duniya

1. Mene ne kuroke?

Yara, kun san ƙwallon ƙafa, kun san langa, kun san kokowa da dara. Yau za mu karanta labarin wani wasa wanda ba a yin sa a garuruwanmu, amma ƙasashen duniya suna gasa a kansa, kuma wata ƙasa ta Afirka ta yi suna ƙwarai a cikinsa. Sunan wasan kuroke. Da Faransanci ana rubuta shi croquet.

Ana yin kuroke bisa shimfiɗaɗɗen fili mai ɗanyar ciyawa. Kullum ana aske ciyawar har ta kwanta kamar tabarma. Tsawon filin metir 32 ne, faɗinsa metir 25 da santimetir 60. Babban filin ƙwallon ƙafa guda ɗaya zai ɗauki filin kuroke takwas.

A cikin filin ana kafa ƴan ƙofofi 6 na ƙarfe. Kowace ƙofa sanda biyu ce a tsaye da ɗaya a gicciye bisa kansu, tsayinta santimetir 30. A tsakiyar fili kuma ana kafa turke ɗaya. Ƙwallaye 4 ake wasa da su: shuɗi, da baƙi, da ja, da mai ruwan ɗorawa. Shuɗi da baƙi gefe ɗaya suke, ja da mai ruwan ɗorawa su ne ɗaya gefen. Kaurin kowane ƙwallo ya ɗan ɗara santimetir 9, nauyinsa garam 454. Ba iska a cikinsa, tauri gare shi kamar ƙodagon goriba.

Ba a taɓa ƙwallon da ƙafa. Da guduma ake bugunsa, mai kan katako da doguwar ƙota. Ɗan wasa yana buɗe ƙafafunsa, ya riƙe ƙotar da hannu biyu, ya lilo gudumar tsakanin ƙafafun, sannan ya buga. Abin da yake so shi ne ƙwallonsa ya ratsa ƙofa.

Kada ku ce wannan abu ne mai sauƙi. Ƙofar ba ta fi ƙwallon faɗi ba sai kaɗan. A manyan gasanni, ratar da ke tsakanin ƙwallo da ƙarfen ƙofa ba ta wuce kaurin ƙwayar gero ba. In hannu ya yi rawa kaɗan, sai ƙwallo ya daki ƙarfe ya tsaya.

2. Dogon wasa da gajeren wasa

Kuroke iri biyu ne ake gasarsa a duniya.

Na farko shi ne dogon wasa. Kowane ƙwallo zai ratsa ƙofofin nan 6 sau biyu, zuwa da komowa, sannan ya daki turke. Ci 13 ke nan ga ƙwallo ɗaya, ci 26 ga ƙwallaye biyu. Wanda ya fara kai 26 shi ya yi nasara. In ƙwallonka ya ratsa ƙofa, ka samu ƙarin bugu ɗaya. In ya taɓa wani ƙwallo, ka samu ƙarin bugu biyu: sai ka ɗauki naka, ka jingina shi da wanda ya taɓa, ka buga su duka su motsa, kana ka sake bugu. Da wannan dabara gwani yana iya ratsa ƙofa 12 a jere, abokin karawarsa yana zaune bisa kujera yana kallo. Wasa ɗaya yana iya cin awa biyu ko uku.

Na biyu shi ne gajeren wasa, wanda Turawa suke kira kuroken golf. A nan babu ƙarin bugu. Kowane ƙwallo bugu ɗaya gare shi, bi da bi: shuɗi, ja, baƙi, mai ruwan ɗorawa. Duka huɗun ƙofa ɗaya suke nema. Wanda ya fara ratsa ta ya ci wa gefensu ɗaya, sai kowa ya nufi ƙofa ta gaba. Gefen da ya fara cin 7 shi ya yi nasara. In an yi 6 da 6, ƙofa ta 13 ce take raba gardama.

Ga misali. Shuɗi ya zo ya tsaya daidai bakin ƙofa. Ba zai ratsa ba tukuna, sai layi ya sake zagayowa kansa. Kafin nan ja zai buga, mai ruwan ɗorawa ma zai buga. Ja yana iya dukan shuɗi ya kore shi nesa, ko kuwa ya shiga tsakaninsa da ƙofa ya tare masa hanya. Shi kuma baƙi, aikinsa ya kare ɗan'uwansa. Kun ga ke nan ɗan kuroke kamar ɗan dara yake: kafin ya buga, sai ya lissafa abin da abokin karawarsa zai yi.

3. Daga ina wasan ya fito?

Kuroke ya shiga Ingila daga tsibirin Ailan wajen shekara ta 1850. Nan da nan masu hali suka karɓe shi, suna yin sa a filayen gidajensu. Abin da ya ƙara masa farin jini shi ne maza da mata suna iya yin sa tare, domin ido da natsuwa yake so fiye da ƙarfin damtse. Har yau mata suna karawa da maza a manyan gasannin kuroke.

A 1868 aka kafa wata ƙungiyar kuroke wadda ta samu fili a Wimbildon, kusa da Landan. Ba a daɗe ba sai sabon wasa ya shigo, wato tanis, ya ƙwace filayen da ƴan kallon. A 1877 ƙungiyar ta shirya gasar tanis ta farko. Wannan gasa ta Wimbildon ita ce yau duniya duka ta sani, amma har yanzu kalmar kuroke tana nan cikin sunan ƙungiyar.

A 1900 aka sa kuroke cikin wasannin Olamfik na Faris, babban birnin Faransa. Faransawa ne suka kwashe lambobin yabo duka. Mata uku sun shiga gasar, suna cikin matan farko da suka taɓa yin wasa a Olamfik. Amma ƴan kallo ba su zo ba. An ba da labari cewa mutum ɗaya tak ya biya kuɗin shiga, wani Baturen Ingila da ya taso tun daga birnin Nis. Daga nan irin wannan kuroke bai sake shiga Olamfik ba. Dole masu son wasan suka nemi gasar kansu.

4. Garkuwar mai alewa

A ƙasar Ostiraliya an yi wani mutum mai suna Macpherson Robertson. An haife shi a 1859, ya tashi cikin talauci. Yana saurayi ya fara dafa alewa a gidan uwarsa, a birnin Malbon, yana yawon talla. Sannu a hankali sana'arsa ta bunƙasa har ya zama babban attajiri. Shi kuwa mai son kuroke ne.

A 1925 ya ba da wata garkuwa domin Ostiraliya da Ingila su riƙa karawa a kanta. Kamar yadda gwarzon kokowar ƙasarmu yake ɗaukar takobi, haka ƙasar da ta ci wannan gasa take ɗaukar garkuwar. Ana kiranta garkuwar MacRobertson. A wancan zamani cikin jirgin ruwa ƴan wasa suke tafiya, su yi makonni bisa teku kafin su isa.

Ingila ce ta ci gasar farko. Niyu Zilan ta shiga a 1930, Amurka ta shiga a 1993. Ƙasa huɗu ke nan, kuma dogon wasa suke yi, bayan kowace shekara uku ko huɗu. Kowace ƙasa tana kawo ƴan wasa 6. In ƙasa biyu suka haɗu, suna yin karawa 21 cikin kwana 5. Wadda ta ci 11 ita ke da rinjaye.

Daga 1990 zuwa 2010 ƙungiyar Birtaniya, wato Ingila da maƙwabtanta, ta ci garkuwar sau 7 a jere. Ostiraliya kuwa, ƙasar mai garkuwar, tun da ta ci a 1935 ba ta sake ci ba sai a 2017. A 2022 Ingila ta karɓe ta.

Wannan gasa ta ƙasa huɗu ce kawai. A 1986 aka kafa Tarayyar Kuroke ta Duniya domin sauran ƙasashe su samu shiga. A 1989 ta shirya gasar duniya ta farko ta dogon wasa a Landan. Joe Hogan na Niyu Zilan ya zama zakara.

5. Misirawa sun shigo fili

Yanzu mu komo Afirka. A 1882 sojojin Ingila suka mamaye Misira. A wannan shekara aka buɗe wani babban gidan wasanni mai suna Jazira, bisa wani tsibiri na kogin Nilu, a Alƙahira. Domin hafsoshin Ingila aka yi shi, kuma kuroke yana cikin wasannin da suka kawo ƙasar. A 1956 sojojin Ingila na ƙarshe suka bar Misira. Filayen kuroke kuwa suka tsaya hannun ƴan ƙasa.

Misirawa ba su yar da gudumomin ba. Amma ba su bi dogon wasa ba, gajeren suka zaɓa. A Ingila a lokacin raina gajeren wasa ake yi, ana ganin sa wasan ƴan koyo ne da masu shan iska da marece, ana ɗan tura ƙwallo a hankali. Misirawa suka ɗauke shi da gaske. Suka ga cewa tun da bugu ɗaya kowa yake da shi, to, wanda ya iya saiti daga nesa shi ke da wasa. Suka koyi bugu da ƙarfi, mai tafiya sak kamar kibiya. In ƙwallon abokin karawa ya tsaya bakin ƙofa, sai su dake shi daga can nesa, ya tafi har ƙarshen fili. In an tare musu hanya, sai su sa nasu ƙwallon ya yi tsalle, ya ƙetare wanda ya tare, ya faɗa ƙofa. Shekara da shekaru suna wannan tsakaninsu, sauran duniya ba ta lura ba.

A 1996 aka yi gasar duniya ta farko ta gajeren wasa a Italiya. Wani Bamisire, Khaled Younis, wato Halidu Yunusa a bakinmu, shi ya zama zakara. A 1997 aka yi ta biyu a Alƙahira, Salah Hassan ya ci. A 1998 aka kai gasar Ingila, gidan masu wasan, Khaled Younis ya sake ci. Haka abin ya ci gaba:

2000: Salah Hassan
2002: Khaled Younis
2004: Ahmed Nasr
2006: Mohammed Nasr
2008: Ahmed Nasr

Gasa 8 ke nan a jere, babu wadda ta kuɓuce wa Misirawa. Matansu ma ba a bar su baya ba. A 2005 aka fara gasar duniya ta mata a Alƙahira, Nahed Hassan ta ci. A 2012 kuma aka fara gasar ƙungiyoyin ƙasashe ta gajeren wasa a Afirka ta Kudu, ƙungiyar Misira ta zo ta ɗaya.

To, me sauran ƙasashe suka yi? Suka zauna suka kalli yadda Misirawa suke bugu, suka koma gida suka koya. Sai a 2011 wanda ba Bamisire ba ya fara cin gasar, shi ne Mark McInerney na Ailan. Bayansa Reg Bamford na Afirka ta Kudu ya ci a 2013 da 2017. Shi wannan gwani ne ta kowane gefe, domin ya ci gasar dogon wasa ma. A 2015 Ahmed El Mahdi ya sake mayar wa Misira da girmanta. A 2019 da 2022 da 2024 Amurkawa ne suka ci. Yau duk mai neman zama zakaran gajeren wasa, sai ya iya bugun nan mai ƙarfi da aka fara a bakin kogin Nilu.

Mu riƙe

Kuroke wasa ne na guduma, da ƙwallaye 4, da ƙofofi 6, da turke ɗaya. Akwai dogon wasa da gajeren wasa. Ƙasa huɗu suna karawa kan garkuwar MacRobertson, wadda aka fara a 1925. Turawan Ingila ne suka kai kuroke Misira. Misirawa suka sake masa salo, suka ci gasar duniya sau 8 a jere, har waɗanda suka kawo wasan suka koma koyo wurinsu.

Mu koyi Faransanci

guduma: le maillet
ƙwallo: la boule
ƙofa: l'arceau
turke: le piquet
fili: le terrain
gasa: le championnat
garkuwa: le bouclier

Tambayoyi

1. Da me ake bugun ƙwallon kuroke?
2. Me ya sa ratsa ƙofa yake da wuya?
3. Ku faɗi bambanci biyu tsakanin dogon wasa da gajeren wasa.
4. Shuɗi yana bakin ƙofa. Wace dabara ja zai iya yi?
5. Wace sana'a Macpherson Robertson ya yi?
6. Yaya kuroke ya shiga Misira?
7. Me Misirawa suka sake a cikin wasan?

Lissafi

1. Tsawon fili metir 32, faɗinsa metir 25,6. Metir nawa ne kewayensa?
2. Ƙwallo ɗaya garam 454 ne. Nawa ne nauyin ƙwallaye 4?
3. Shekara nawa Ostiraliya ta yi ba ta ci garkuwa ba?

Aikin yi

Ku nemo Misira, da Ingila, da Ostiraliya, da Niyu Zilan bisa taswirar duniya. Sannan ku kafa ƙofa ɗaya ta karan dawa a filin makaranta, ku samo goriba huɗu da sanduna, ku kasu gida biyu, ku gwada gajeren wasa. Gobe kowa ya rubuta layi 5 kan dabarar da ta fi ci.