Kyamarar Tsaro Mai Araha a Matsayin Kayan Nazarin Dabbobin Dare

Hausawa na cewa dare mahutar bawa, amma a wajen dabbobi da yawa faɗuwar rana ce farkon aiki. Duk wanda ya taɓa yin lambu a yankin Babura, Kazaure, Roni ko Gwiwa ya san yadda ake wayar gari a tarar da kankana an rarake ta, ko tumatir an gutsure shi, ko kuwa 'yan tsaki sun ragu a akurki. Sau da yawa mai lambu ba ya ganin mai ɓarnar da idonsa, sai dai ya yi zato, kuma a kan zaton nan ne yake zuba guba ko ya ɗana tarko. Wannan darasi zai yi bayanin yadda ɗalibai da malamansu za su zaɓi kyamarar tsaro mai sauƙin kuɗi, irin wadda ake kafawa a shaguna da ƙofar gidaje, su mayar da ita kayan binciken kimiyya domin sanin dabbobin da ke yawo a lambu da dare.

Dalilin wannan nazari

A wani lambu na ɗan'uwana da ke bayan garin Babura, an daɗe ana ɗora wa bushiya laifin ɓarnar kankana, domin ita ake yawan cin karo da ita da asuba. Yara kan kashe ta duk inda suka gan ta. Da muka kafa kyamara na 'yan kwanaki, sai hoto ya nuna gafiya ce ke shigowa ta wani rami a ƙarƙashin shinge tana yin ɓarnar, ita kuwa bushiya ƙwari take bi tana tsinta a tsakanin kunyoyi. Ashe abokiyar aikin manomi ake kashewa. Gani ya kori ji.

Irin wannan kuskure yana da tsada. Bushiya na cin gyare da tsutsotsi da sauran ƙwari masu lalata shuka. Mujiya, wadda camfi ya sa ake jifa, tana cikin manyan masu rage ɓeraye, har ma a ƙasar Malesiya manoman kwakwar manja kan kafa mata akwatunan sheƙa a gonakinsu domin wannan aiki. Rage ɓeraye kuwa batu ne na lafiya, domin ɓeran da masana ke kira Mastomys shi ne ke ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969. Gubar da aka zuba wa ɓera tana iya kashe mujiyar da ta ci shi, daga nan ɓerayen su ƙara yawa.

Ɗaukar hoton dabbobi ba tare da mutum na wurin ba tsohuwar dabara ce. Wani Ba'amurke mai suna George Shiras ya riƙa ɗaura zare a kan hanyar dabbobi, idan dabba ta taɓa zaren sai kyamara ta ɗauki hotonta, kuma mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906. A yau masana na amfani da kyamarori na musamman a gandun daji, amma kyamarar tsaro ta kasuwa tana iya yin aikin a lambun makaranta idan an zaɓe ta da ilimi.

Yadda kyamara ke gani cikin duhu

Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma ana auna tsawon igiyar da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idon ɗan'adam yana ganin hasken da tsawon igiyarsa ya kama daga nanomita 400 zuwa 700. Gaba da jan haske akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda ake kira infirared. Masanin taurari William Herschel ne ya gano shi a 1800, lokacin da ya raba hasken rana zuwa launukansa, ya ga ma'aunin zafi ya ɗaga a wurin da babu launin da ido ke gani.

Kyamarar dare tana da ƙananan fitilu kewaye da idonta masu fitar da wannan haske. Hasken yakan bugi dabba ya dawo, kyamara ta kama shi ta fitar da hoto baƙi da fari. Fitilun iri biyu ne. Masu nanomita 850 sun fi haska nesa, amma suna yin ɗan jan ƙyalli kamar garwashi, wanda wasu dabbobi kan lura da shi, haka ma ɓarawo. Masu nanomita 940 ba sa yin wannan ƙyalli, sai dai haskensu bai kai na farkon nisa ba. A ƙaramin lambu, inda dabba ba za ta wuce mita 5 daga kyamara ba, kowanne daga cikinsu ya wadatar.

Ɗalibi zai lura idanun dabbobin dare suna ƙyalli a hoton. Dalili shi ne akwai wani shimfiɗi mai kama da madubi a bayan idon kyanwa da yanyawa da makamantansu, wanda ke mayar da haske domin ido ya sake amfani da shi. Wannan ne ya sa suka fi mu gani cikin duhu.

Yadda kyamara ke sanin dabba ta zo

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce jin zafin jiki, kuma kyamarar da ke da wannan na'ura za a ga an rubuta PIR a kwalinta. Duk jiki mai ɗumi yana fitar da nasa infirared, kuma na'urar tana farkar da kyamara ne idan wani abu da zafinsa ya bambanta da na wurin ya gitta. Irin wannan kyamara tana barci har sai dabba ta zo, saboda haka ba ta cin batir. Amma tana da rauni biyu a ƙasarmu. Zafin jikin yawancin dabbobi masu shayarwa yana kusa da digiri 37 zuwa 39 a ma'aunin Salshiyas. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40, ƙasa da bango kan riƙe zafi har bayan magariba, bambancin ya ragu, na'urar ta kasa jin ƙananan dabbobi. Rauni na biyu shi ne maciji da kwaɗo da kunama zafin jikinsu yana bin na wurin da suke, don haka kububuwa tana iya wucewa kyamara ba ta farka ba.

Hanya ta biyu ita ce kyamara ta kasance a kunne tana kwatanta hoto da wanda ya gabace shi, idan ta ga sauyi ta fara ɗauka. Wannan tana kama maciji, amma tana kama ganyen da iska ta kaɗa, da ƙurar hunturu, da ƙwarin damina da ke gittawa ta gabanta. Tana kuma cin wuta. Shawara ita ce, a lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mai jin zafin jiki ta fi aiki. Wanda yake son ganin dabbobi masu jan ciki, sai ya nemi ta biyun.

Abubuwan dubawa kafin saye

Araha ba ta ado, amma ba kowace tsada ce ke da amfani ba. Ga abubuwan da ya kamata malami ya duba, ko a kasuwannin Kano zai saya ko kuwa aika masa za a yi.

Na farko, ta kasance tana karɓar katin memori, tana kuma ɗauka ko babu intanet. Wasu kyamarori ba sa ajiye komai sai an biya kuɗin wata-wata, waɗannan ba su dace da makaranta ba.

Na biyu, a tabbata ana iya kashe farar fitilarta da jiniyarta. Kyamarorin da ake tallar suna ɗaukar hoto mai launi da dare sukan kunna farar fitila, wadda ke korar dabba ko ta sauya mata hali.

Na uku, wasu an tsara su ne su gane mutum ko mota kaɗai, su yi watsi da dabba. Lallai ne a iya kashe wannan tsari, in ba haka ba za a kwana ba a kama komai ba.

Na huɗu, kada yawan megafikzil ya ruɗi mai saye. Wadda aka rubuta mata 1080p, wato kimanin megafikzil 2, ta isa a bambance jaba da ɓera a nisan mita 3. A nemi mai shago ya kunna ta a wuri mai duhu a gani da ido.

Na biyar, a duba lambar kariya. IP65 ko IP66 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma tana jure feshin ruwa. Lambar 6 ta farko ita ce ta ƙura, kuma duk wanda ya san hazon hunturu ya san muhimmancinta.

Na shida, ta riƙa buga kwanan wata da lokaci a kan kowane hoto. Hoton da ba shi da lokaci ba ya zama hujjar kimiyya.

Lissafin wuta da ma'aji

A ce kyamara na cin wat 5, kuma za ta yi aiki awa 12, daga magariba zuwa asuba. Tana bukatar 5 sau 12, wato wat-awa 60. Ƙaramin batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7 yana ɗauke da 12 sau 7, wato wat-awa 84. A ido kamar ya isa, amma batir mai dalma yana saurin lalacewa idan ana zuƙe fiye da rabinsa kullum, saboda haka abin amfani bai wuce 42 ba. Ke nan ana bukatar guda biyu, ko wanda ya fi shi girma. Farantin sola mai wat 20, idan ya sami awa 5 na rana mai ƙarfi, zai ba da kimanin wat-awa 100, wanda zai mayar da abin da aka ci, muddin ana goge masa ƙura.

Haka lissafin katin memori yake. Kyamarar da ke ɗauka ba tsayawa a kan megabit 2 kowace daƙiƙa tana cin kusan gigabait 0.9 a awa guda, wato kusan 11 a dare ɗaya. Kati mai gigabait 32 zai cika a dare na uku.

Kafa kyamara

Masu kafa kyamarar tsaro sun saba ɗaga ta sama, domin fuskar mutum suke nema. Mu kuwa ƙasa za mu sauke ta, kimanin santimita 30 zuwa 40 daga ƙasa, a ɗaure a turke mai ƙarfi. A fuskantar da ita arewa ko kudu, domin rana ba ta buge idonta ba lokacin fitowa da faɗuwa. A nome ciyawar da ke gabanta, kuma kada bango ko kututture ya kasance kusa da gefenta, domin zai mayar da haske ya farantar da hoton. Wuraren da suka fi dacewa su ne bakin rami, ɓular shinge, gindin mangwaro ko goba, da inda ruwan ban-ruwa ke taruwa. A lokacin rani, kasko ɗaya na ruwa ya isa ya jawo dabbobi. Kada a zuba abinci, domin zai tara ɓeraye ya kuma gurɓata sakamakon binciken. A riƙa share yanar gizo-gizo daga idonta. Mai zuwa ɗauko kati da asuba ya sa takalmi mai rufe ƙafa, ya riƙe tocila.

Mayar da hoto ilimi

Kowace ƙungiyar ɗalibai ta buɗe littafi mai layuka shida: kwanan wata, lokaci, sunan dabba, adadinta, abin da take yi, da yanayin dare, har da hasken farin wata. Masana sun saba ƙirga duk bayyanar dabba iri ɗaya cikin minti 30 a matsayin zuwa ɗaya, domin kada gafiya guda mai kai da komowa ta zama goma. Kyamara ɗaya a dare ɗaya ita ce ma'auni. Idan bushiya ta zo sau 6 a dare 20, sai a raba 6 da 20 a ninka da 100, a sami 30. Wannan lamba ba ta nuna yawan bushiyoyin da ke garin ba, amma tana ba da damar kwatanta lambu da lambu, ko rani da damina.

Dabbobin da ake sa ran gani sun haɗa da bushiya, gafiya, jaba, zomo, tunku, bodari, muzuru, jemage da mujiya, a bayan gari kuma wataƙila yanyawa ko dila. Yanyawar Sahel tana cikin dabbobin da masana ba su yi wa nazari mai yawa ba, saboda haka littafin ɗalibin Roni ko Gwiwa yana iya amfanar masu bincike, ciki har da na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021.

Haƙƙin maƙwabci da na dabba

Kada kyamara ta kalli gidan maƙwabci, ko hanyar rijiya, ko bayan gida. A sanar da mai unguwa da masu aiki a lambun kafin a kafa ta, kuma idan ta ɗauki mutum a goge hoton. Addini da al'ada sun hana leƙen asirin mutane, haka ma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ba hoton mutum kariya. Sannan kada a bayyana wa mafarauta ramin dabbar da aka gano. Idan hoto ya nuna gafiya ce ke ɓarna, a toshe hanyarta, a gyara shinge, a kwashe 'ya'yan itacen da suka faɗo.

Aikin yi

1. Zana taswirar lambun makarantarku, ka nuna wurare uku da suka dace da kyamara tare da dalilanka.
2. Kyamara mai cin wat 4 za ta yi aiki awa 11. Wat-awa nawa take bukata, kuma batir nawa irin wanda aka ambata za su ishe ta?
3. Bayyana dalilin da ya sa na'urar jin zafin jiki ta fi aiki a Janairu fiye da Afrilu.
4. Tambayi dattawa biyar dabbobin dare da suke gani a ƙuruciyarsu, ka kwatanta da abin da kyamara ta nuna cikin dare 20, ka kawo wa malaminka sakamakon a rubuce.