DARASIN FIƘIHU: Idan Aure Ya Mutu, Kayan Wa Ne?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ɗalibai, darasinmu na yau a kan dukiyar ma'aurata ne idan saki ya auku. Ku karanta, ku kuma karanta wa iyayenku a gida, domin sau da yawa rigimar kaya ta fi sakin kansa ɓata zumunci.

Ku sani, a Musulunci aure ba ya haɗe dukiyar miji da ta mata. A Ingila alƙali yana iya tattara abin da su biyun suka mallaka ya raba musu. Mu a mazhabar Malikiyya ba haka ba ne, kowa nasa nasa ne.

1. Sadaki na mata ne. Idan an tare, nata ne duka. Suratun Nisa'i, aya ta 20, ta hana miji karɓe komai daga ciki. In ya sake ta kafin tarewa, rabin abin da aka yanka ne nata (Baƙara, 237). In ita ta nemi rabuwa ba tare da an cuce ta ba, shi ne hul'i, sai ta fanshi kanta da abin da suka daidaita.

2. Kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata, da awakinta, da kuɗin adashenta, da ribar sana'arta, duk nata ne. Haka ma kyautar da ya yi mata ta riga ta karɓa.

3. Idan an yi jayayya a kan wani kaya kuma babu shaida, malamanmu sun ce a duba al'ada. Abin da aka san mata da shi, kamar kwanuka da tukwane, sai ta rantse ta ɗauka. Abin da aka san maza da shi, kamar koma da kwalekwale da garma, sai shi ya rantse ya ɗauka.

4. Wadda aka yi wa sakin kome tana da ci da sha da wurin kwana har idda ta cika. Ba a korarta, ita ma kada ta kwashi kaya ta fice. Mai ciki kuwa, ko wane irin saki ne, ana ciyar da ita har ta haihu. Ciyar da 'ya'ya yana kan uba ko da suna hannun uwa. Ana kuma so miji ya yi mata kyautar sallama, wato mut'a.

To, ga inda aka fi samun matsala a nan Guri. Mace ta tara kuɗin bandar kifi ko na gumin shinkafa, ta ba maigida ya cika ya sayi injin ban ruwa don noman rani a fadama. Ranar rabuwa ita ta ce rance ne, shi ya ce kyauta ce. Wa ya gani? Babu. Shi ya sa aya ta 282 ta Baƙara, wadda ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu. Ba rashin yarda ba ne. Kai ɗalibi da ka iya ajami ko boko, ka rubuta wa Inna da Baba, shaidu su sa hannu.

In an kasa daidaitawa, a fara da waliyyai da liman, kafin a dangana da kotun shari'a. Amma ku tuna, wanda ya ci haƙƙin wani da rantsuwar ƙarya, hukuncin alƙali ba ya halatta masa shi.

Tambayoyi:
(a) Nawa ne rabon mata a sadaki idan an sake ta kafin tarewa?
(b) Wa ke ciyar da 'ya'ya bayan rabuwa?
(c) Me ya kamata a yi idan mata ta ranta wa mijinta kuɗi?

Allah ne mafi sani. Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin.