Amsar Tambaya: In Ajiye Bindiga a Gida?

Tambaya: Ɓarayi sun haura gidan maƙwabcina da dare. Ko in nemi bindiga in ajiye? Wani magidanci daga Babura.

Amsa: Malam, Allah Ya tsare gaba. Kare rai da iyali haƙƙinka ne, amma shawarata kada ka saya. Dokar makamai ta 1959 ta ce ko bindigar toka sai da lasisin kwamishinan 'yan sanda, ta farauta ta zamani kuwa sai da na Sufeto Janar, kuma a 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da lasisi. Duk wadda za a kawo maka ta bayan fage, ko daga tsallaken iyakar Nijar, tana iya kai ka gidan yari, ka bar iyalin da kake son karewa ba mai tsaya musu.

Za ka ce ai a 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce wa mutanen Zamfara su mallaki bindiga. Haka ne, amma maganar gwamna ba ta sauya dokar tarayya ba. Ga kuma haɗarin cikin gida, wanda ya fi damuna. In ka bar ta da harsashi kusa da gado, yara za su kai mata. In ka kulle ta, ba za ta amfane ka da tsakar dare ba. A cikin duhu kuma, mai motsi a zaure yana iya zama ɗanka da ya dawo daga hira.

Ka je wurin mai unguwa ku haɗa sintiri da sanin 'yan sanda, ka ƙarfafa ƙofa, ka sa fitilar sola, maƙwabta kuma ku riƙe lambobin juna.