Darasi: Yadda Za Ka Zaɓi Wuƙar Aljihu

A wani aji namu na manya akwai wani magidanci, manomi ne, mai ƙwazon karatu. Ran nan ya zo aji da tsumma ɗaure a yatsansa na dama, ya kasa riƙe fensir. Muka tambaye shi abin da ya same shi. Ya ce sabuwar wuƙa ya saya ran kasuwa, irin mai ninkewa ɗin nan da a ke sawa a aljihu. Ya so ya huda fatar guga da tsininta. Ya danna da ƙarfi, sai ruwan wuƙar ya ninke a kan yatsansa. Mako 3 ya yi bai yi rubutu ba. Ga shi kuwa damina ce, riƙon fartanya ma sai da ƙyar.

'Yan aji suka ce tsautsayi ne. Mu kuwa muka karɓi wuƙar muka duba, muka ga kuskure biyu. Na fari, bai san yadda a ke gwada wuƙa kafin a biya kuɗi ba. Na biyu, ya sa ta aikin da ba nata ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka muka shirya wannan darasi, domin wanda zai sayi wuƙar aljihu ta fari.

Yadda aka ƙera ta

Wuƙar da maƙeranmu su ke yi ruwanta a kafe ya ke cikin ƙota, a kan yi mata kube. Ita wannan ba ta da kube. Ƙotarta ita ce kubenta. Manyan sassanta 4 ne: ruwa, da ƙota, da ƙusa wadda ruwan ya ke juyawa a kanta, da sifirin.

Sifirin wani siririn ƙarfe ne mai tauri, kwance a bayan ƙota. Kullum yana danne da gindin ruwan. In ka fara buɗe wuƙa, gindin ruwan ya kan tura sifirin waje. In ruwan ya miƙe sarai, sai sifirin ya koma wurinsa, ka ji ya ce ƙas! Shi ke riƙe ruwan a buɗe, shi ke riƙe shi a rufe.

To, mu lura da kyau. Wannan wuƙa ba ta da makulli. Sifirin yana riƙewa ne kawai, ba ya kullewa. In an danna bayan ruwan da ƙarfi, sai ya zame ya rufe. Don haka ne ma Turawa su ke kiranta da wani suna mai ma'anar gaɓa mai zamewa. Akwai waɗansu wuƙaƙe masu ninkewa da su ke da makulli, amma ba su mu ke magana a kai ba yau.

Inda ta fito

Tun zamanin Romawa a ke yin wuƙa mai ninkewa, amma ba ta da sifirin. A cikin ƙarni na 17 ne mai sifirin ta yaɗu a Turai. Garin Shefil na Ingila ya yi suna wajen ƙera ta. Haka kuma Solingen a Jamus, da Thiers a Faransa. Daga nan sana'ar ta haye zuwa Amurka, inda kamfanin Case, wanda ya fara a 1889, ya ke yin ta har yau.

A ƙasar Suwizalan wani maƙeri, Karl Elsener, ya buɗe maƙerarsa a 1884. A 1891 ya fara kai wa sojan ƙasarsu wuƙar aljihu. Kamfaninsa shi ne Victorinox, mai 'yar jar wuƙar nan da alamar farin gicciye a ƙotarta.

A 1929 gidan Cognet na Thiers ya fito da wata mai suna Douk-Douk. Ƙotarta falle ne na ƙarfe da aka ninke biyu, sassanta duka 6 ne. An yi ta ne domin mutanen waɗansu tsibirai na tekun Pasifik, amma ba ta karɓu can ba. Sai ta samu kasuwa a Afirka ta Arewa da sauran ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka a lokacin.

Fara da tambayar kanka

Kafin ka tafi kasuwa, zauna ka lissafa abin da za ka yanka da ita. Yawancinmu aikin ƙarami ne: yanke igiya, fiƙe fensir ko alƙalamin kara, fere mangwaro ko lemo, tsaga goro, kwance ɗinkin buhu. Wannan shi ne aikin wuƙar aljihu.

In kuwa yankan rago ka ke nufi, ko fiɗa, ko sassabe, to, ka tafi maƙera ka sayi wuƙa mai kube ko adda. Ta maƙerinmu ta fi ta aljihu ƙarfi nesa, don ba ta da gaɓa.

Girmanta

Kada girma ya ruɗe ka. Wuƙar da ta yi nauyi ta kan huda aljihu, ba da daɗewa ba sai ka riƙa barin ta gida. Wadda ta cika ƙanƙanta kuma ba ta riƙuwa. Nemi wadda tsawonta a rufe ya kai inci 3 zuwa inci 4, ruwanta kuwa kada ya wuce inci 3, watau santimita 7 da rabi da ɗan ɗoriya. Riƙe ta ka ji. In yatsunka 3 ko 4 sun zauna a ƙotar daidai, ta yi.

Ruwa nawa?

Masu ƙera ta sun raba ta iri iri. Ga 4 daga cikin sanannu.

Akwai Barlow, wadda ta samo suna daga wani gidan maƙera na Shefil. Ruwanta 1 ne ko 2. An yi wa wuyanta doguwar ɗamara ta ƙarfe don gaɓar ta yi ƙarƙo. Tun asali wuƙar talaka ce, mai araha da juriya.

Akwai wadda a ke kira ta manomi. Ruwanta 1 ne mai faɗi, ƙotarta ba ado. Ba ta da wuyar wankewa.

Akwai ta makiyayi, mai ruwa 3. Babban yana da tsini, na biyu kaifinsa a miƙe ya ke, na uku bakinsa a zagaye. Makiyayan shanu na Amurka suka saba da ita.

Sa'an nan akwai irin ta sojan Suwizalan, wadda bayan ruwan wuƙa a kan haɗa mata mabuɗin gwangwani, da sukundireba, wata ma har da almakashi.

Shawararmu ga mai sayen fari ita ce ya ɗauki mai ruwa 1 ko 2. Ko wane ruwa da aka ƙara, nauyi ne aka ƙara, da kuɗi, da wurin da datti zai maƙale. Mai ruwa 2 tana da wani amfani: ka ware babban domin abinci, ƙaramin domin igiya da sauran aiki.

Wane ƙarfe?

Ƙarfen ruwa iri 2 ne. Na fari shi ne ƙarfen da aka saba da shi tun da. Yana da sauƙin wasawa, yana yin kaifi ƙwarai. Amma in ka yanka lemo ko albasa sai ya yi duhu. Wannan duhu ba ya ɓata shi. Jar tsatsa ita ce mai cin ƙarfe, tana kuwa kama shi in an bar shi da laima ko gumi.

Na biyu shi ne ƙarfe marar tsatsa. Wani mutumin Shefil, Harry Brearley, ya samo shi a 1913. A kan gauraya shi da wani ƙarfe mai suna kuromiyam, fiye da kashi 10 cikin 100. Shi ke hana tsatsa saurin kama shi. In kai mai yawan yanka kayan marmari ne, ko mai aiki a fadama, wannan ya fi maka sauƙi.

Yaya za ka gane shi? Ga amfanin karatu. Duba gindin ruwan, kusa da ƙota. Nan a ke buga sunan mai ƙira da ƙasarsa. In ka ga an rubuta STAINLESS, ko INOX, ko ROSTFREI, duk ma'anarsu ɗaya ce: marar tsatsa. Na fari Turancin Ingila ne, na biyu Faransanci, na uku Jamusanci. Amma ka sani akwai jabu da yawa masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni. Rubutu kaɗai bai isa ba, sai ka gwada.

Gwaji 6 a gaban mai kaya

Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Kada ka ji kunyar mai tebur, kuɗinka za ka ba shi.

1. Sa farcen babban yatsa a 'yar tsagar da aka yi a jikin ruwan, ka buɗe. In ta buɗe ba tare da wata turjiya ba, sifirin ya yi sanyi, ajiye ta. Irin wannan ce ta yanki ɗan ajinmu. In kuma tana neman karya maka farce, ita ma ajiye ta.

2. Saurara. Mai kyau ta kan ce ƙas in ta buɗe, ta ce ƙas in ta rufe. Waɗansu su kan tsaya a rabin hanya, sai an sake turawa. Wannan ba aibu ba ne. Da gangan aka yi, domin ka sami damar janye yatsa.

3. Tana buɗe, kama bayan ruwan ka girgiza shi dama da hagu. In yana rawa, ƙusar ba ta matsu ba. Kullum kuwa rawar ƙaruwa za ta yi.

4. Rufe ta, ka shafa yatsa a hankali wajen tsinin. Ya kamata tsinin ya ɓuya sarai cikin ƙota. In ya leƙo waje, zai yage aljihu, ya soki hannu.

5. Ɗaga ta wajen haske, ka dubi bayanta. In haske yana ratsowa sosai tsakanin sifirin da ƙota, aikin bai yi kyau ba.

6. Dubi ƙotar. Ko ta itace ce, ko ƙashi, ko ƙaho, ko roba, ka tabbata ba ta tsage kusa da ƙusoshi ba. Ado ba ya yanka kome. Ƙota mai walƙiya a kan sifirin mai sanyi asarar kuɗi ce.

Yadda a ke aiki da ita

Ka'ida ɗaya ce babba: a yi yanka da kaifi, kada a yi suka da tsini. In kana yanka, abin da ka ke yankawa yana tura ruwan baya, watau yana ƙara buɗe shi. In kuwa ka soka tsini cikin abu mai tauri, da hannunka ya ɗan karkace sai ruwan ya rufe, yatsunka kuwa suna kan hanyarsa. Aikin huda na basilla ne.

Kada ka ɓamɓare murfin gwangwani da ita, tsinin zai karye. Ka riƙa yanka kana nesanta kaifin daga jikinka. In za ka rufe, riƙe ƙotar ta gefe da gefe, yatsu duka a waje, ka tura bayan ruwan da tafin ɗaya hannun. In za ka miƙa wa wani, rufe ta tukuna. Kada ka bar ta inda yara za su kai.

In ka yanke, wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, ka danne da ƙyalle mai tsabta. In yankan ya yi zurfi, tafi asibiti a ranar. Kada kuma a yi aron wuƙa domin yankan farce ko aski, gama ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini.

Kula da ita

Bayan aiki, goge ruwan ya bushe kafin ka rufe. Ka riƙa fitar da ƙura daga cikin ƙota da tsinke. Lokaci lokaci ɗiga ɗigo 1 na man keken ɗinki a gaɓar. In za ka wasa, jiƙa dutse, kwantar da ruwan a kai, ɗaga bayansa kamar kaurin tsinken ashana 2, ka wasa ko wane gefe daidai da ɗan'uwansa. Wuƙar da ta dakushe ta fi mai kaifi haɗari, don sai an danna ta da ƙarfi, ƙarfin nan kuwa shi ke sa ta kuɓuce.

Wuƙa da doka

Ko wace ƙasa da dokarta. A Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya yi yawo da wuƙa mai ninkewa in ruwanta bai wuce inci 3 ba. Kotunansu kuma sun ce mai makulli ba ta cikin wannan izni. Wannan na cikin dalilan da suka sa mai sifirin ta ke da kasuwa can. A filin jirgin sama kuwa, tun 2001 aka tsananta bincike, ma'aikata su kan karɓe wuƙa daga kayan hannu. Maniyyaci ya sa tasa cikin babban akwati.

A gida ma sai mu yi hankali. Inda aka hana shiga da wuƙa, kamar kotu ko wurin taro, a bar ta gida. Ita kayan aiki ce, kamar allura da fartanya. Kada ta fito daga aljihu a wurin gardama ko kusa. Fushi na minti 1 ya kan kai mutum gidan kaso shekaru, ya bar iyali cikin wahala.

Ɗan ajin namu ya warke. Ya koma kasuwa ya yi gwajin nan 6, ya zaɓi mai ruwa 1. Shi ke fiƙe wa 'yan aji fensir yanzu. Ya kuma sayi basilla.

Tambayoyi

1. Faɗi manyan sassa 4 na wuƙar aljihu.
2. Mene ne aikin sifirin?
3. Don me ba a huda abu da tsinin wannan wuƙa?
4. In ka ga INOX a gindin ruwa, me a ke nufi?
5. Rubuta gwaji 3 da za ka yi kafin ka biya kuɗi.