Mizanin Haske: Nasiha Ga Masu Ɗaukar Hoto

Daga cikin koke-koken da matasa masu koyon wannan sana'a tamu suke kawo mini, babu wanda ya fi yawa kamar na hoton da fuskar mai shi ta yi duhu alhali an ɗauke shi da rana tsaka, ko kuwa wanda farar rigarsa ta ƙone har aikin surfanin da ke wuyanta ya ɓace. Kuma galibinsu sukan ɗora laifin a kan kamara, suna zaton da sun mallaki mai tsada da sun huta, alhali illar tana cikin rashin sanin yadda ma'aunin haske yake yanke hukunci.

Asalin al'amarin shi ne, ma'aunin da ke cikin kamara bai san fari ba, bai san baƙi ba. An gina shi a kan ƙa'ida guda, watau ya ɗauka cewa duk abin da aka fuskantar da shi, idan aka gauraya haskensa da duhunsa, zai koma ruwan toka matsakaici, wanda masana suka ƙiyasta da abin da ke mayar da kimanin kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Saboda haka idan ya ga fari ya yi yawa sai ya rage haske, idan ya ga duhu ya rinjaya sai ya ƙara, kamar mai awo a kasuwa wanda ya rantse ba zai ba kowa ba sai mudu guda. Wanda ya fahimci wannan ya riƙe mabuɗin babin duka.

Hanyoyin awon da suka shahara uku ne. Ta farko ita ce awon fili duka, wadda Nikon suke kira Matrix, Canon kuma Evaluative, wadda ta fara bayyana a kamarar Nikon FA a shekarar 1983, inda aka raba fili gida biyar. A yau kuwa ana raba shi gidaje masu yawan gaske, kamara ta gwama su, sa'an nan ta yi nata ijtihadin. Wannan ta wadatar a inda haske ya daidaita, kamar da hantsi, ko a inuwar rumfa, ko a filin hawan Salla inda dawaki ba su jiran mutum ya yi lissafi. Ta biyu ita ce mai fifita tsakiya, wadda take ba tsakiyar hoto kaso mafi tsoka, ta ɗan waiwayi gefe, kuma falalarta ita ce ba ta saɓa al'adarta, wanda ya saba da ita ya san abin da za ta yi tun kafin ya danna. Ta uku ita ce awon ɗigo, wadda ake rubuta Spot a jerin zaɓin kamara, ba ta duban kome sai wuri ƙanƙane, kimanin kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari na filin.

A aikina na bukukuwa, wurin da na fi bukatar awon ɗigo shi ne ƙofar zaure. Ango yana tsaye cikin inuwa, bayansa rana ta ƙwalle a kan farin bango. Idan aka bar wa awon fili duka hukunci, sau da yawa sai bangon ya rinjaye shi, angon ya fito kamar inuwa ba ido ba hanci. Abin da nakan yi shi ne in ɗora ɗigon a kan kumatunsa, in danna maɓallin kulle awo, wanda ake rubuta AE-L ko alamar tauraro, kana in gyara tsayuwar hoton in ɗauka. Haka kuma amarya da ke zaune ƙarƙashin fitila guda a zauren da ya yi duhu.

Sai dai a nan akwai wata mas'ala da ta shafe mu musamman, wadda littattafan koyarwa da yawa ba su tsaya a kanta ba. Fatar mafi yawan mutanenmu ta fi ruwan tokan nan duhu, don haka idan aka auna ta da ɗigo, kamara za ta ƙara haske har fuskar ta koɗe, ta rasa kyakkyawan launin da Allah Ya yi mata, rigar kuwa ta ƙone. Maganinsa shi ne a rage da maɓallin gyara mai alamar +/-, daga rabin mataki zuwa mataki guda, gwargwadon launin mutum. Idan kuwa dattawa ne suka jeru cikin fararen manyan riguna da rawuna har fari ya cika hoton, sai a ƙara mataki guda ko fiye, a kuma duba jadawalin haske a bayan kamara, wanda ke nuna rabon haske da duhu a hoto, a tabbatar bai cunkushe a gefen dama, ɓangaren fari, ba, domin farin da ya ƙone babu kwamfutar da za ta mayar da shi. Wanda ba ya iya kusantar abin ɗauka yana iya auna tafin hannunsa a cikin irin hasken, ya ƙara kimanin mataki guda.

Ya ku 'yan'uwa, ranar ɗaurin aure ko ta suna ba ta maimaituwa, kuma wanda ya kira ku ya danƙa muku amana ce. Wajibi ne ku zauna da kamarorinku tun kafin ranar aiki, ku ɗauki abu guda da hanyoyin nan uku, a rana da inuwa, ku gwama sakamakon, har ku san halin kowacce. Kafin kowane dannawa kuma ku tambayi kanku: mene ne ya fi muhimmanci a wannan hoton? Shi za ku auna. Allah Ya sa albarka a cikin sana'armu.